Zaman rukuni ko a kai yaro ya ga likita shi kaɗai? Abin da na gani a kan yara biyu a gidana

Wata malama da muke koyarwa tare ta tare ni a ofis ranar Talata da anka tashi tara, ta ce Malama don Allah ki ba ni shawara, ɗan ƙanena da ke hannuna tun da sunka baro ƙauye ba ya barci, ga wasu 'yan ƙungiya sun shigo unguwarmu suna rubuta sunan yara wai za su riƙa tara su sau ɗaya a sati ana zama da su, ga maigidana kuma ya ce shi bai yarda da taron yara ba, gara a haɗa kuɗi a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ya ga likita shi kaɗai a huta. Wanne zan yi? Na ce mata jawo kujera, wagga magana ba ta tsaye ba ce. Abin da na gaya mata ne zan rubuta nan har da ƙari, don na san ba ita kaɗai ba ce, a Gusau yanzu da wuya ka shiga layi ka fita ba ka samu gidan da ke riƙon ɗan wani da ɓarayin daji sunka watsa garinsu ba.

Ni dai malamar firamare ce, ba likita ba. Abin da ya sa nake da bakin magana shi ne yaran yayana biyu da sunka dawo hannuna bayan rasuwar shi, namiji ɗan shekara 9 a lokacin da yayarshi 'yar 14. Uwa ɗaya uba ɗaya, dare ɗaya anka shigo garinsu, amma wallahi abin da ya yi wa ɗaya magani shi ne ya kusa ƙara wa ɗayar ciwo. Shi ya sa in naji mutum ya bugi ƙirji ya ce wanga ya fi wancan sai in yi shiru kawai.

Bari in fara da mi ake nufi da zaman rukuni, don nan mutane ke ruɗewa. Ba kowane taron yara ba ne magani. Na farko da na kai yaron nan, an tara yara sun fi 50 ƙarƙashin rumfa, manya da ƙanana maza da mata, anka raba biskit da lemun kwali, anka ce kowa ya tashi ya ba da labarin abin da ya gani ranar da anka kai musu hari, wani na gefe da waya yana ta ɗaukar hoto. Yaron ya dawo gida ya yi kwana uku yana zabura cikin barci fiye da da. Wanga ba zaman rukuni ba ne, tonon miki ne a bar shi buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta yarda da irin zaman nan na sau ɗaya da ake sa wanda abu ya faru da shi ya zayyane komi dalla-dalla ba, don ba a ga amfanin shi ba.

Na gaskiya yana da tsari. Yara kaɗan ne, kamar 8 zuwa 12 ko sama kaɗan, sa'annin juna, fuskoki ɗaya kowane sati ba yau a ga wanga gobe a ga wancan ba, mai jagora wanda anka horar kuma galibi su biyu ne, kuma an san ranar farawa an san ranar gamawa. Akwai wani tsari da anka shirya musamman don yaran da sunka ga yaƙi, wanda wata gidauniya mai tushe a ƙasar Nowe ta fitar, zama 5 ne na yara daga shekara 8 zuwa sama, da zama na daban na iyaye. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da nata da ake kira EASE na yara 'yan 10 zuwa 15, zama 7 na yara, 3 na masu riƙonsu, kowane zama kamar awa ɗaya da rabi, kuma an tsara shi ne yadda wanda ba likita ba zai iya gudanar da shi in ya samu horo da mai duba aikin shi. Abin da ake yi ciki koyar da dabara ne, yadda yaro zai gane abin da ke faruwa a jikin shi in tsoro ya taso, yadda zai kwantar da numfashi, yadda zai koma yin abubuwan da ya daina, yadda zai warware matsala. Ba a tilasta kowa ya buɗe cikin shi.

Irin wanga munka samu daga baya, a wani ajin makaranta da yamma bayan la'asar. Kafin nan ku ji halin da yaron ke ciki. In mashin ɗaya ya wuce ba komi, amma in biyu ko uku sunka biyo juna a layinmu bayan isha'i sai dai ka neme shi ka rasa, yana ƙarƙashin gado ya cusa kai cikin kwandon kaya jikin shi na kyarma, don a kan mashina sunka shigo musu. Fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina shekaru. A aji ba ya wasa da kowa, in yaro ya taɓa shi ta baya sai dambe. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yakai, to haka. Kuma Allah ya yafe mini, sau biyu na dake shi kan fitsarin nan, ina ganin sakarci ne.

Zama na biyu ya dawo da gudu tun daga zaure yana kira na. Ya ce Gwaggo, ashe ba ni ɗai na ba, malam ya ce wa gabanai ka hwaɗuwa in ya ji mashin, kowa ya ɗaga hannu, har wani ƙato da ya hi ni tsawo shi ma ɓoyo shikai. Yana faɗa yana dariya. Dariyar da na yi wata bakwai ban ji ba. To wanga abu shi ne likita komi ƙwarewar shi ba zai iya ba yaro a ɗaki su biyu ba. Babba in ya ce ma yaro ba kai kaɗai ba ne, magana ce ta manya, ta shiga nan ta fita nan. Amma ya ga hannun ɗan'uwan shi yaro a sama da idon shi, wannan daban ne.

Sun koya musu jan numfashi, wai ka shaƙa a hankali kamar kana shinshinar miyar da ke kan wuta, ka fitar kamar kana hura kunu mai zafi. Sun ce kowa ya zaɓi wuri a zuciyar shi inda ya fi jin natsuwa ya riƙa komawa can in tsoro ya zo, shi ya zaɓi gindin rumbun kakarshi inda kaji ke kwanciya. Sannan anka yi musu abin da sunka kira tsani, ka jera abin da kake tsoro daga ƙarami zuwa babba ka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya. Nashi tsanin, farko ya tsaya cikin zaure yana jin mashin na wucewa yana hura kunun shi, sannan ya fito ƙofar gida, sannan ya je ya dafa mashin ɗin maƙwabcinmu a kashe, can ƙarshe ya hau bayan kawunshi zuwa masallacin Juma'a. Kuma abin da ya tura shi ba ni ba ce, gasa ce, don wani abokin shi a rukunin ya riga shi hawa mataki na uku, shi ko ba ya yarda a bar shi baya.

Zaman iyaye kuma ni ya gyara. Can na ji cewa fitsarin kwance da faɗa da rashin ji duk na iya zama alamar firgita, kuma duka ƙara shi yake. Can na daina cewa ka manta, ya wuce, namiji ba ya kuka. Mun zauna mu mata wajen goma sha, kowa da nata, wata tsohuwa mai riƙon jikoki huɗu ta ce ita da dare in sun fara kuka bayan gida take shiga ta yi nata kukan ta wanke fuska ta fito. Duk rukunin da ba ya kiran masu riƙon yara ko sau ɗaya ni ina shakkar shi, don yaro awa ɗaya da rabi yake can, sauran satin duk yana hannunki.

Sai dai kar a ɗauka kowane taro in an yi wasa an yi waƙa shi ke nan. Akwai binciken da anka yi a sansanonin 'yan gudun hijira na arewacin Uganda anka wallafa a 2007, matasa 314 'yan shekara 14 zuwa 17, anka raba su, wasu zaman rukuni mai tsari na tattauna damuwa da zamantakewa, wasu wasanni da zane kawai, wasu jira. Bayan wata huɗu, masu zaman tattaunawa damuwarsu ta ragu sosai musamman 'yan mata, su maza ba a ga bambanci mai ƙarfi ba, masu wasa zalla kuwa kusan ɗaya suke da masu jira. Ba wai wasa banza ba ne, langa da gaɗa da carafke da tatsuniya bayan cin tuwo suna dawo ma yaro da yarintar shi kuma ina son su, amma in ciwon ya yi zurfi wasa kaɗai ba ya kaiwa can. Nan gida Najeriya ma an gwada a wata sakandare a Ibadan, zama 5 na rukuni ga ɗalibai masu ciwon damuwa, kuma an ga sauƙi. Wato ba abin Turawa ba ne kawai.

To yanzu ita yarinyar. Ita ɓarayin sun tafi da ita, ta yi makonni a daji kafin a haɗa kuɗin fansa, an sayar da shanu biyu da gona. Da ta dawo ba ta kuka ba ta faɗa, aiki kawai, ta share tsakar gida ta sake sharewa, ta yi wanka sau huɗu a rana, in anka yi baƙi ta shige ɗaki. Ka yi mata magana ta ce to. Mutane har yabon ta suke wai ta yi hankali. Ni ko ganin yadda ƙanenta ya ware sai na ce ai ga magani, na rubuta sunanta a rukunin 'yan mata. Ta je sau ɗaya. Sati na biyu na ce shirya mu tafi, ta zauna bakin gado ta sunkuyar da kai ta ce Gwaggo don Allah ki bar ni, ɗiyar wance na cikin wurin, kuma kin san bakin uwarta.

Nan jikina ya yi sanyi, don gaskiya ta faɗa. Mai jagora zai ce abin da anka faɗa nan ya tsaya nan, yara su ce to, amma wa zai ɗaure bakin yara goma? Zancen duniya ba ya ɓuya. Yaro ya ce ina tsoron mashin, in ya fita waje iyakaci a yi mai dariya kwana biyu. Budurwa da ta kwana a hannun 'yan bindiga kalma ɗaya ta fita, ta bi ta har ranar da za a zo neman aurenta, har ɗiyanta. Ba ma sai ta yi magana ba, zamanta cikin wurin kawai ya isa a fara ƙus-ƙus. Wanga shi ne babban raunin zaman rukuni a wurinmu inda kowa ya san kowa, kuma ban ga dabarar da ta toshe shi gaba ɗaya ba. An yi zaman rukuni da 'yan matan da anka ci zarafinsu lokacin yaƙi a Kwango kuma ya yi aiki, amma can dukkansu irin abu ɗaya ya same su ko sunka gani, kuma wajen ba da labarin abin da ya faru ɗaya-ɗaya ake keɓewa da su.

Ku duba ma abin da ya faru a idonmu. 'Yan matan Jangebe 279 da anka kwashe ƙarshen Fabrairun 2021, tare anka tafi da su tare sunka dawo bayan kwana huɗu, kowace ta san abin da 'yar'uwarta ta gani, irin waɗannan in ka zaunar da su wuri ɗaya ba wani sirri ka fasa ba. Amma na kwalejin tarayya ta Birnin Yauri da anka ɗauka watan Yunin 2021, wasu daga cikin 'yan matan sai da sunka kusa shekara 2 a daji. Wadda ta yi kwana huɗu da wadda ta yi shekara 2 duk sunansu waɗanda anka sace, amma ba kaya ɗaya sunka ɗauko ba, ba za ka auna musu magani da ludayi ɗaya ba.

Wata nas ce mace da ta samu horo kan wanga aiki ta riƙa ganin ɗiyar tawa ita kaɗai. Zama uku na farko in na tambaye ta mi kunka yi sai ta ce ba komi, hira. Na fara jin haushin kuɗin Keke Napep da nake kashewa. Ashe haka abin yake, yarda ake ginawa, kuma wanga shi ne abin da zaman mutum ɗaya ya fi rukuni da shi, ana tafiya da saurin yaron ne ba da saurin jadawali ba. A rukuni in an zo zama na huɗu to na huɗu ne ko kin shirya ko ba ki shirya ba. Akwai wata dabara da ake yi a irin wanga zama, an yi amfani da ita da yaran da anka tilasta ma shiga yaƙi a Uganda, a shimfiɗa igiya ƙasa a ce wannan rayuwarki ce daga haihuwa, ki ɗora dutse inda abin baƙin ciki ya faru, ki ɗora fure inda abin daɗi ya faru, ragowar igiyar a bar ta naɗe don gaba ce da ba a zo ba. Sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya a zama daban-daban. Makamancin haka sunka yi. Ranar da na je ɗaukarta na hango igiyar a ƙasa kafin a naɗe, duwatsu sun taru wuri ɗaya kamar murhu, amma can baya akwai furanni, har da guda bayan duwatsun. Ban tambaye ta na mi ne ba. Har yau ban san abin da ta faɗa ma nas ɗin ba, kuma an gaya mini tun farko ba za a gaya mini ba sai in abu ne da ya shafi ranta ko lafiyarta. Da farko abin ya sosa mini rai, ni da na riƙe ta, daga baya na gane dalilin da ya sa ta iya buɗe baki ke nan.

Matsalar zaman mutum ɗaya kuwa kowa ya san ta, ina mutanen suke? Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, masu duba yara zalla kuma 'yan tsiraru ne cikinsu, kuma yawanci suna manyan birane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 7 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa ko damuwa, wannan lissafin duniya ne gaba ɗaya har da inda ba a taɓa jin ƙarar bindiga ba, to ina ga Zurmi da Shinkafi da Maru da Tsafe. In an ce kowane yaro sai ya ga ƙwararre shi kaɗai, wasu har su yi furfura layi bai zo kansu ba. Mutum biyu masu horo a rukuni suna ɗaukar yara goma a awa ɗaya da rabi.

Sannan maganar Kware da maigidan abokiyar aikina ya kawo. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya ne, yana gaba da Sakkwato kaɗan, kuma akwai ƙwararru. Amma daga Gusau zuwa Sakkwato kaɗai ya haura kilomita 200, ga kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, ga abinci, ga hanyar da kowa ya san sai da addu'a ake bin ta. Kuma abin da shi bai gane ba, a huta ɗin nan da ya ce babu shi. Maganin firgita ta hanyar magana ba allura ba ce da za a yi sau ɗaya, yakan ɗauki zama 8 zuwa 16 ko fiye, sati-sati. Wa zai iya Gusau zuwa Kware sau 12? Abin da ke faruwa shi ne a je sau ɗaya, a dawo da magani a leda, ba a sake komawa ba. Ga kuma suna, yaro in anka ji an kai shi Kware shi ke nan a makaranta ya zama mahaukaci, duk da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da anka sa ma hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, bakin mutane bai san da wata doka ba. Rukuni kuwa in a makaranta ake yi ko islamiyya, yaro na tafiya kamar zai je lesin, ba mai nuna shi. Ni shawarata kafin a ɗauki hanyar Sakkwato a fara tambaya nan gida, asibitin tarayya na FMC ko asibitin Yariman Bakura, ko suna da wanda ke ganin irin wanga matsala, in abin ya fi ƙarfinsu su za su tura ka da takarda.

Amma fa akwai inda ba a jiran wani rukuni, ko kuɗin mota bashi ne a ci. Yaron da ke cewa gara in mutu, ko yana yanka jikin shi, ko ya daina cin abinci kwana da kwanaki, ko yana jin muryoyi yana ganin abin da ba kowa ke gani ba, ko yana faɗuwa kamar farfaɗiya, ko ya fara shan ƙwaya da sholisho, wannan asibiti kai tsaye. Yarinya ko yaron da anka yi ma fyaɗe, asibiti cikin kwana 3, awa 72, don maganin kariya daga ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki, kunya ta jira. Kuma don Allah a daina zuwa kemis ana sayo ma yaro ƙwayar barci don ya daina zabura, ba ta cire tsoron, sabo take sawa. Wani abu kuma da mu 'yan Zamfara bai kamata mu manta ba, in yaron daga wajen Anka ko Bukkuyum ya fito inda ake haƙar zinare, canjin hali da rashin fahimta a aji da yawan fushi na iya zama gubar dalma ce, wadda ta kashe yara sama da 400 a 2010. Wannan gwajin jini yake so, ba zaman hira ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba game da rukuni, zama da maɗaukin kanwa. In ka kwashi samari 'yan 14, 15 waɗanda dukkansu matsalarsu faɗa ce da ɗauke-ɗauke da shaye-shaye ka tara su wuri ɗaya ba mai jagora mai ƙarfi, to makaranta ka buɗe musu, kowa zai koyi sabon salo wurin ɗan'uwan shi, wanda ya fi iya ba da labarin ta'asa shi ne gwarzo. Masana a Amurka sun daɗe da lura da haka. Irin waɗannan gara a yi aiki da su da iyayensu, ko a sa ɗaya cikin yara masu natsuwa. Haka ƙananan yara 'yan ƙasa da 6 ko 7, su ba zaman da'ira za su iya ba, uwar ko kakar ce ake koya ma yadda za ta yi da su.

Kakar yaran nan tun farko ta ce iska ce, a kai su wurin malam. Ban yi musu da ita ba, mun yi tofi, suna azkar safe da yamma, yaron ma in ya gama hura kunun shi Ayatul Kursiyyu yake bi da ita kuma malamin rukunin ne ya ce ya haɗa. Ba su karo da juna. Inda na taka burki shi ne da anka kawo maganar wani mai cire aljanu da bulala da hayaƙi a ɗaki rufe. Yarinyar da maza sunka tsare a daji ka sake sa wani namiji ya rufe ta a ɗaki yana dukanta? Na ce Inna ki yi mini aikin gafara, wannan kam a'a. Ta yi fushi sati biyu ba ta amsa gaisuwata.

To mi na ce ma abokiyar aikina? Na tambaye ta shekarun yaron, ta ce 10. An tafi da shi daji? A'a, gudu sunka yi cikin dare, ya ga an ƙone rumbuna. Tun yaushe? Wata biyar. Na ce to ya wuce a ce a jira, don yara da yawa suna dawowa daidai da kansu cikin makonnin farko in sun samu natsuwa da abinci da makaranta, amma in an haura wata guda abin bai ragu ba sai a nemi taimako. Yana maganar mutuwa, yana cin abinci? Yana ci, ba ya dai barci kuma ba ya shiga yara. Na ce in ni ce rukunin zan fara kai shi, kuɗin Kware a ajiye. Amma kafin ki ba da sunan shi ki je da ƙafarki ki tambaye su, yara nawa ne a zama ɗaya, sa'anni ne, zama nawa za a yi, wa ya horar da mai jagora kuma wa ke duba shi, za a sa yara ba da labarin harin a gaban kowa, za a ɗauki hoto, akwai zaman iyaye, kuma in sun ga yaron da abin shi ya fi ƙarfinsu ina suke tura shi. In sunka fara kame-kame a ta ƙarshen nan ki riƙe ɗanki. In kuma an gama zaman duka kin ga ba canji ko abin na ƙaruwa, lokacin maganar maigidanki ta taso, kuma ba asara kunka yi ba. Ta ce to in ya ƙi yarda fa? Na ce ki ce mai ya raka ki wurin tambayar, maza in anka sa su gaba a abu sun fi saurin sauka.

Ita ɗiyar tawa sai da ta yi wajen wata biyar tana ganin nas ɗin. Bayan sallar layya da kanta ta ce tana son shiga wurin koyon ɗinki da wasu 'yan mata ke zuwa bayan layinmu, su bakwai ne, ba wanda ya kira shi magani, keke biyu ne da tabarma da surutu. Rannan na wuce ta ƙofar na ji ana gardama kan wuyan riga, murya ɗaya ta fi ta kowa tashi tana cewa wallahi ba haka ake yanka shi ba, ku ba ni almakashin. Na tsaya jikin bango da ledar cefane a hannu har sai da mai gidan ta leƙo ta ce Malama lafiya, shigo mana.